Kanwa da Gishiri a Ruwan Kwaruruwan Damagaram: Nazari kan Tafkuna Marasa Mafita

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda gishiri ke taruwa a tafkuna da rijiyoyin gabashin Damagaram, ta kwatanta shi da gishirin da ƙasashen sanyi ke barbaɗawa a tituna. Ra'ayinta shi ne, awon ruwan noman rani a wannan yanki bai cika ba sai an haɗa da awon gishiri da na kanwa.

Gabatarwa

A Amurka ana zuba gishiri kimanin tan miliyan 20 duk shekara don narkar da ƙanƙarar tituna. Kaushal da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa kulorayid na ƙaruwa a rafukan arewa maso gabashin ƙasar, kuma yana nan da yawa ko bayan sanyi ya wuce, domin ya riga ya shige ruwan ƙarƙashin ƙasa. Hukumar kare muhalli ta can ta sa miligiram 230 a lita a matsayin iyakar abin da halittun ruwa ke jurewa na dogon lokaci.

Mu a nan ba titi ke kawo gishirin ba. Daga ƙasa yake tasowa, kuma kakanni sun ci arzikinsa. Lovejoy (1986) ya bayyana yadda mangul da kanwar Muniyo da ƙasar Manga suka cika kasuwannin ƙasar Hausa, fataucin da Damagaram ta amfana da shi a zamanin Sarki Tanimun (1851–1884).

Yadda Gishirin ke Taruwa

Ruwan saman Zinder bai cika wuce milimita 500 a shekara ba, alhali rana da iska na iya ɗauke sama da 2,000. Kwaruruwan da ke tsakanin tuddan yashi, daga Gidimuni zuwa Gure, ba su da magudanar da za ta fitar da ruwa. Ruwan ƙasa yana kusa, yana hawowa ta ƴan ƙofofin ƙasa, ya ƙafe, ya bar abin da ya ɗauko. Da bazara za a ga farin ɓawo a bakin tafki, mai ruɓuzawa ƙarƙashin takalmi, mata na kankare shi da ƙoƙo. Rafin Amurka aƙalla yana gangarawa teku. Tafkinmu kuwa duk abin da ya shige shi ya zauna.

Kanwa ta fi gishirin miya ɓarna ga gona. Sodiyam ɗinta na warware dunƙulen laka, ƙasa ta toshe, ruwa ya kwanta a kan fangali bai shiga ba. Manomi sai ya ƙara ban ruwa da inji, a tsammaninsa ƙishi ne ke damun shuka, nan kuwa ƙarin kanwa yake jawo wa saiwa.

Jagoran hukumar FAO na 1985 ya nuna ruwan da awon gishirinsa bai kai 0.7 dS/m ba babu matsala, wanda ya haura 3 kuwa haɗari ne babba. Albasa na fara raguwa tun gishirin ƙasa na 1.2, dabino kuwa sai wajen 4. Shi ya sa dabinon kwari ke nan tsaye kore shar bayan lambun ƙarƙashinsa ya ƙone, har mai wucewa ya ɗauka lafiya lau.

Shawara

Tafkin Gidimuni ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2019, don haka ya dace a fara da shi. Na'urar awon gishiri ƴar hannu ce, ba tsada. A riƙa aunawa a wuri guda bayan damina da tsakiyar bazara, a tafki da rijiyoyin lambu, tare da awon ɗacin kanwa, Jami'ar André Salifou ta Zinder ta riƙa adana sakamakon, manoma kuma su ji shi da Hausa da Barbarci kafin su zuba iri.