Babban Gidan Wasanni na Ikko: Gini Kafin Ado

Abin da zan yi magana a kai yau shi ne tarihin Babban Gidan Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu a birnin Ikko, musamman yadda aka tsara shi, da kuma matsayin da aka ba masu zane da sassaƙa a cikin wannan tsari.

Asalin ginin biki ne. A 1966 aka yi bikin farko na al'adun baƙar fata na duniya a Dakar, aka kuma ɗora wa Nijeriya nauyin na biyu. Yaƙin basasa ya jinkirta shi. Da aka gama yaƙi, kuɗin man fetur ya shigo, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙudura gina zauren da zai ɗauki baƙin duniya. To, a nan ne aka yanke shawarar da ta ɗaure duk abin da ya biyo baya. Maimakon a zauna da makaɗa da 'yan wasa da masu zanen gine-gine na gida a tambaye su irin ɗakin da ya dace da su, sai aka dubi wani gini da ke garin Varna a ƙasar Bulgeriya, wanda aka gama a 1968, aka ce a yi mana irinsa, amma ya fi shi girma. A 1973 aka ba kamfanin Technoexportstroy na can Bulgeriya kwangilar.

Ya kamata mu lura cewa ginin Varna na wasannin motsa jiki ne da tarurrukan al'adu gaba ɗaya. Babban zauren Iganmu mai kujera 5,000 ya gaji wannan siffa. Alhali kuwa wasan kwaikwayo yana son ɗan wasa ya ga idon mai kallo, kiɗan gargajiya kuma ya saba da da'ira, inda jama'a ke kewaye makaɗi suna amsa masa. Mutanen Ikko da suka ga ginin ya tashi daga fadama sai suka ce hular soja ce, kuma ba su yi ƙarya ba, don sojoji ne suka fara shi, soja ne kuma, Janar Olusegun Obasanjo, ya buɗe shi a 1976.

Sai bayan siffar gini ta tabbata aikin masu fasaha ya shigo. Erhabor Emokpae, mutumin Binin, shi ya yi adon sassaƙa da ya ƙawata ginin daga waje da mashigansa. Yusuf Grillo, wanda ya yi karatun zane a Zariya, yana kuma cikin matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958, ya yi aikin gilashi mai launi-launi a ciki. Ayyukan nan na gwanaye ne, ba mai musun haka. Amma a ganina an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfin ado: an nemi su sa baƙon gini ya yi magana da harshen gida, bayan an riga an zaɓa masa baki. Duk wanda ya san ginin ƙasa na Kano ko Zariya ya san cewa magini da mai zanen bango sau da yawa mutum ɗaya ne, ko kuwa 'yan gida ɗaya, zanen yana fitowa tun laka ba ta bushe ba. A Iganmu an raba su da teku.

Bikin ya gudana daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, ginin kuwa ya fitar da ƙasa kunya. Abin sha'awa, babban hawan daba na bikin, wanda sarakunan Arewa suka kawo dawakinsu, a buɗaɗɗen fili aka yi shi a Kaduna, bai nemi rufi ba.

Ga wani abu kuma da ma'aikata za su fi kowa ganewa. A Fabrairun 1976, kafin ma a buɗe ginin, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar mai da babban birni Abuja. Watau an gama gidan wasannin ƙasa a garin da gwamnati ta riga ta yi shirin bari. Ginin da ba ya rayuwa sai da lantarki da na'urar sanyaya ɗaki yana cin kuɗi kowace shekara, kuma da arzikin mai ya ja baya, rufi ya fara yoyo. Ƙananan ɗakunan silima suka ci gaba da cika, musamman da finafinan Yarbawa irin na Hubert Ogunde, amma babban zauren ya daɗe a kulle. Da aka yi yunƙurin sayar da ginin a 2001, masu fasaha suka tashi tsaye, har da Wole Soyinka.

A 2020 aka miƙa gyaran ga Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna. A 2024 aka sa wa ginin sunan Soyinka, lokacin da ya cika shekara 90, sa'an nan aka sake buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 2025.