Turbobin Dutsen Hiyei: Tarihin Gidan Ibadar Enriyakuji ta Fuskar Hanyoyinsa

1.0 Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta a kan tsofaffin gidajen ibada na bisa duwatsu ya fi karkata ne ga gine-gine: wa ya aza harsashi, wane sarki ya ba da fili, wace shekara gobara ta tashi. Ba kasafai akan waiwayi hanyar da ke kai mutum can ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki turbobin da suka ratsa kurmin dutsen Hiyei na ƙasar Jafan a matsayin hujjar tarihi, domin a nuna cewa sun fi ginin da ke bisa dutsen tsufa, sun kuma fi shi riƙe labari.

Kafin a yi nisa, ya kamata a kau da matsalar kalma. Hausa ba ta da kalma guda da ta dace da irin wannan wuri. "Zawiyya" tana ɗauke da ƙanshin ɗariƙa, "gidan ruhubanawa" kuwa ya fi jan hankali zuwa ga Kiristanci, alhali mazauna Hiyei mabiya addinin Buddha ne. Saboda haka za a yi amfani da "gidan ibada" ga wurin, a kira mazaunansa "sufaye", bisa ma'anar masu gudun duniya kawai, ba don akwai dangantaka ta aƙida ba.

2.0 Dutsen da Mafarin Gidan

Dutsen Hiyei, mai tsawon mita 848, yana arewa maso gabas da birnin Kiyoto, ya shiga tsakanin birnin da tafkin Biwa. A shekarar 785 wani matashin sufi mai suna Saicho ya hau shi don kaɗaita, ya kuma gina ɗan ƙaramin ɗakin ibada a 788. Shekara shida bayan haka, wato a 794, Sarki Kammu ya mai da fadarsa Kiyoto. A camfin mutanen wancan zamani, daga arewa maso gabas miyagun iskoki ke shigowa gari, don haka sai ɗakin Saicho ya zama tamkar garkuwar sabon birnin. Daga nan arzikin wurin ya soma, daga nan kuma rigimarsa ta samo asali.

Saicho ya tafi ƙasar Sin a 804, ya dawo da koyarwar da aka sani da Tendai. Ya gindaya wa almajiransa sharaɗin zaman shekara 12 a kan dutsen ba tare da sauka ba. Ya rasu a 822, a shekarar da ta biyo baya kuma fada ta raɗa wa gidan sunan Enriyakuji. Da tafiya ta yi tafiya sai gidan ya yaɗu a cikin kurmi, ya kasu sassa uku: Todo, da Saito, da Yokawa, wanda ke can arewa da tazarar kimanin kilomita 4 daga Saito. Ke nan Enriyakuji ba gini ɗaya ba ne mai ganuwa da ƙofa. Ɗakuna ne a warwatse cikin itatuwa, babu abin da ya ɗinke su sai turba.

3.0 Hanyoyin Sauka

Manyan hanyoyin hawa na dauri guda biyu ne. Ta gabas, wadda ake kira Honzaka, ta taso ne daga garin Sakamoto na bakin tafki. Ta yamma, wato Kirarazaka, ta fito daga gefen Kiyoto. Ƙafa da ruwan sama sun ƙwaƙule ta har ta zama kwazazzabo a wasu wurare, mai tafiya na ciki bangon ƙasa na bisa kansa.

A nawa ganin, tarihin waɗannan hanyoyi biyu ya fi zama na sauka bisa ga na hawa. Manyan malaman da suka kafa sababbin mazhabobi a ƙarni na 12 da na 13, irin su Honen da Eisai da Dogen da Shinran da Nichiren, duk sun yi karatu a kan dutsen, duk kuma sai da suka bar shi sannan aka ji muryarsu. Shinran ya shekara 20 a can kafin ya sauka a 1201.

Akwai kuma wata irin sauka da ba ta ilimi ba. Gidan ya tara gonaki da dukiya, ya kuma tara mayaƙa masu shigar sufaye. Tun daga 1095 suka ɗauki al'adar saɓo akwatunan gumakan wurin bautar Hiyoshi da ke Sakamoto, su gangara da su cikin Kiyoto, su ajiye a ƙofar fada har sai an biya musu buƙata, don babu mai iya taɓa su. An ruwaito cewa Sarki Shirakawa ya lissafa abubuwa uku da suka gagare shi: ruwan kogin Kamo, da faɗuwar ɗan caca, da sufayen dutse. A 1081 sun ƙone gidan ibadar Midera, wanda 'yan'uwansu ne da suka ɓalle a 993. A 1536 kuma suka ƙone wuraren ibada 21 na mabiya Nichiren a cikin birnin, wutar ta ci babban ɓangare na Kiyoto. Mai yawon shan iska a Kirarazaka yana taka sawun waɗannan mutane ne, ko ya sani ko bai sani ba.

4.0 Gobarar 1571

A 1570 gidan ya ba rundunonin Asai da Asakura mafaka, su kuwa abokan gaban jarumi Oda Nobunaga ne. A watan Satumba na 1571 Nobunaga ya kewaye dutsen, ya fara da Sakamoto, sannan mayaƙansa suka bi turbobin nan sama suna sa wuta. Rubuce-rubucen zamanin sun ambaci mutuwar dubban mutane, har da mata da yara. Haƙe-haƙen da aka yi a ƙarni na 20 sun sa wasu masana na ganin cewa gine-ginen da ke bisa dutsen a lokacin ba su kai yawan da ake faɗa ba, domin sufaye da yawa sun riga sun koma zama a gindinsa. Ko ma dai yaya ne, ɗan ƙaramin ɗakin Rurido kaɗai ake nunawa a matsayin wanda ya tsira. Ɗakin Shakado na Saito, daga Midera aka ciro shi bisa umurnin Hideyoshi a 1595. Babban ɗakin Kompon Chudo kuwa, a 1642 aka kammala sake gina shi. Hatta fitilar da ake cewa tana ci tun zamanin Saicho, sai da aka sake ɗebo wutarta daga gidan ibadar Risshakuji da ke arewacin ƙasar. Wuta dai ba ta cin hanya.

5.0 Kaihogiyo: Kewayen Kwana Dubu

A nan ne turba ta tashi daga hanyar zuwa wurin ibada, ta zama ita ce ibadar. Kalmar "kaihogiyo" gaɓa uku ce: "kai" na nufin kewaya, "ho" ƙololuwar dutse, "giyo" kuma aikin horar da kai. Ana jingina asalinta ga sufi So'o, wanda ya rayu daga 831 zuwa 918, ya kuma kafa ɗakin Mudoji a kwarin kudancin dutsen a 865.

Tsarin, kamar yadda ake bin sa daga Mudoji, na shekara bakwai ne. A kowace shekara daga cikin ukun farko sufi zai yi kwana 100 a jere yana kewaya kilomita 30 kullum. A ta huɗu da ta biyar, kwana 200 kowacce. A ta shida nisan zai koma kilomita 60 na kwana 100. A ta bakwai zai yi kwana 100 yana cin kilomita 84, har cikin unguwannin Kiyoto, sannan ya rufe da tsohon kewayen nan na kilomita 30. Idan aka haɗa lissafi, tafiyar ta kai kusan kilomita 38,000. Da tsakar dare yake fita, riƙe da fitila, sanye da takalmin kaba da fararen tufafi, fari kuwa a Jafan launin mamaci ne. Yana ɗaure da igiya da wuƙa, alamar cewa ya zaɓi mutuwa bisa ga fasawa. A kan hanya akwai wurare kimanin 260 da zai tsaya ya yi addu'a: ɗakunan ibada, kaburbura, itatuwa, duwatsu, maɓuɓɓugai. Wuri ɗaya tak aka yarje masa ya zauna, a gindin wani babban itacen sugi da ake kira Giyokutai, inda ake hango Kiyoto.

Bayan kwana 700 sai ya shiga abin da Bahaushe zai kira halwa, amma mai tsanani: kwana tara ba ci, ba sha, ba barci, ba kwanciya, yana maimaita addu'a guda sau 100,000. Kowane dare kuma sai ya fita ya ɗebo ruwa a wata rijiya don miƙawa a ɗakin ibada, shi kuwa ba zai kurɓa ba.

Littafin John Stevens na 1988 ya sa Turawa na kiran waɗannan mutane sufayen gudun fanfalaki. Laƙabin bai dace ba, kuma ya kamata mai fassara zuwa Hausa ya guje shi. Ɗan tsere yana neman rage lokaci ne, shi kuwa mai kaihogiyo ba shi da abokin tsere, tsayawar nan 260 ita ce aikin. Ma'anar da ke cikin sunan ita ce kewaye, wato komawa inda aka fito. Har ma kwanakin da ake yi a zahiri 975 ne, ana barin 25 da gangan, don kada mutum ya ce ya gama.

Bayanan waɗanda suka yi wannan aiki kafin 1571 sun tafi da gobara. Daga wancan lokaci zuwa 2017, mutum 51 aka lissafa sun kammala. Ɗaya daga cikinsu, Sakai Yusai, sau biyu ya yi, a 1980 da 1987. Jerin wuraren tsayawa kuwa, kowane sabon mai kewaye yakan kwafe shi da hannu, a kuma zaga da shi a nuna masa, kamar yadda aka nuna wa na gabansa.

6.0 Kurmin da Baƙinsa

Har zuwa 1872 an hana mata hawa dutsen. A 1927 aka buɗe jirgin igiya daga Sakamoto, a 1958 hanyar mota ta iso, a 1994 kuma hukumar UNESCO ta sa gidan cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran tsofaffin wuraren Kiyoto. Tun da mota ta ɗauke yawancin baƙi, sai turbobin suka koma hannun masu sha'awar tafiyar ƙasa. Yawancin kurmin sugi ne da hinoki, dogayen itatuwa masu duhun inuwa, an kuma keɓe wani sashensa tun 1930 saboda tsuntsayen da ke sheƙa a ciki. Birai ma na nan, waɗanda masu bautar Hiyoshi ke ɗauka manzannin abin bautarsu. Wanda ya taso daga Saito ya nufi Yokawa ta kan doron dutsen zai wuce ta gindin itacen Giyokutai, ya tarar da shimfiɗaɗɗen dutsen da mai kewaye ke zama a kai.