Almarar kimiyya a farkon zamanin talabijin

Almarar kimiyya a farkon zamanin talabijin na nufin wasannin kwaikwayo kan tafiya sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi, waɗanda aka nuna a Amurka da Birtaniya daga 1949 zuwa shekarun 1960. Na farkonsu kai tsaye ake watsa su daga ƙaramin ɗaki, kuma ƙarancin kuɗi ya fi ilimin kimiyya tasiri a kan abin da mai kallo yake gani.

Amurka

Captain Video ya fara a tashar DuMont ranar 27 ga Yuni, 1949, ya ƙare a 1955. Ana cewa dala 25 ake warewa a mako don kayan wasan, har aka haɗa wata "na'ura" da salansar mota da fulogi da madubi. Don cike lokaci, sai a saka guntayen tsofaffin fina-finan kaboyi a tsakiyar shirin. Bayanin kimiyyarsa yawanci sunaye ne masu daɗin ji kawai, ko da yake daga baya marubuta irin su Arthur C. Clarke da Isaac Asimov sun rubuta masa labarai.

Tom Corbett, Space Cadet, wanda ya fara a 1950, ya fi kiyayewa, domin ya ɗauki Willy Ley, marubuci kan rokoki, a matsayin mai ba da shawara. Duk da haka ya nuna duniyar Zahra da kurmi, kamar yadda wasu ke zato a lokacin. Yanzu an san zafinta ya haura digiri 450.

Birtaniya

A 1953 BBC ta nuna The Quatermass Experiment. Dodon da ya firgita masu kallo hannayen marubucin ne, Nigel Kneale, cikin safar hannu da aka manna wa ganyaye. Doctor Who ya fara ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kuma a 1966 ya samu mashawarcin kimiyya, likita Kit Pedler.

Tsimin kuɗi ya shafi ajiya ma: BBC ta riƙa goge kaset don sake amfani da su, sassa da yawa suka ɓata. Kwafin da aka sayar wa tashoshin ƙetare, har da na Najeriya, ya ceto wasu. A 2013 aka sanar da gano sassa tara na Doctor Who da suka ɓata, na 1967 da 1968, a wata tashar talabijin da ke Jos.