Tarihin Agogon Kwamfuta: Ta Zahiri da ta Kwaikwayo

A wannan fitowa ina so in waiwayi tarihin yadda kwamfuta ke ƙidaya lokaci. Mu ma'aikatan gwamnati mun san takardar da kwanan watanta ya kauce ba ta da daraja. To, haka abin yake ga albashi da kuɗin banki da ke bi ta cikin na'ura, domin lokaci ne ke nuna wanda ya riga wani shiga.

A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe mai bugawa kusan sau 18 a kowane sakan, ita kuwa na'urar sai ta riƙa ƙirga bugun ta san lokaci. A 1984 aka ƙara mata agogo mai batir wanda ba ya tsayawa ko an ɗauke wuta. A 1993 kuma kamfanin Intel ya fito da Pentium, mai ƙirga kowane bugun ƙwaƙwalwar kwamfutar.

Ita kuwa dabarar raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar da yawa, wato kwamfutar kwaikwayo, ta girmi wannan. IBM ya fitar da VM/370 tun 1972, sa'an nan VMware ya kawo dabarar ga ƙananan kwamfutoci a 1999. Nan fa matsala ta kunno kai. Kwamfutocin kwaikwayo kamar 'yan haya ne masu famfo ɗaya, kowa sai ya jira layinsa. Yayin da ɗaya ke jira, bugu ya wuce ta ba ta ƙirga ba, sai agogonta ya koma baya. In aka turo mata bugun da ta rasa a jere, sai ya yi gudu.

Yadda masana ke gwada wannan ya yi kama da gwajin lilo da muka yi a ajin kimiyya. Ana ba ta zahiri da ta kwaikwayo aiki iri ɗaya, a maimaita sau da yawa, a auna da agogon da ke waje. Agogon da ake tuhuma ba ya zama shaidar kansa.

Gyara ya zo ta hanyoyi biyu. Tun 1985 wani Ba'amurke, David Mills, ya tsara NTP, hanyar daidaita agogo ta intanet. Daga bisani Intel a 2005, da AMD a 2006, suka gina taimakon kwaikwayo cikin ƙwaƙwalwar kanta. Tazarar ta ragu ƙwarai, amma idan nauyi ya yi wa uwar na'ura yawa, awon ta kwaikwayo yakan yi tangal-tangal fiye da na ta zahiri.

Saboda haka, duk wanda aka damƙa wa kula da irin waɗannan na'urori a ofishinsa, ya tabbata ana duba agogonsu da wani amintaccen agogo a kai a kai.