Gurnanin kare a gida: ma'anarsa da yadda ake bi da shi

A Tawa da ƙauyukan arewacin Adar, yawanci ana ajiye kare ne don gadin gida ko garke, kamar dogon karen Azawak da aka sani wajen makiyaya na yankin Abalak da Cintabaraden. A cikin gari kuma wasu gidaje suna kiwon ƙananan karnuka da ƴan kwikwiyo waɗanda yara ke wasa da su. Ƙanƙantar kare ba ta hana shi cizo, amma kafin ya ciji yakan yi gurnani. Gurnanin gargaɗi ne: yana neman a ba shi wuri.

Abin da ke kawo shi

Tsoro ne kan gaba, musamman ga karen da yara suka saba jifa ko jan wutsiyarsa. Sai ciwo, da tsaron abinci ko ƙashi, da karya mai shayar da ƴaƴanta. Karen da ke wuni ɗaure a rana, ba inuwa ba ruwa, shi ma yakan yi zafin rai.

Abin da ya kamata a yi

Duka ba ya gyara shi. Karen da aka doke saboda gurnani yakan daina gargaɗin, ya koma cizo kai tsaye. In ya yi gurnani, a tsaya cak, kada a zuba masa ido, a ja da baya sannu a hankali ba tare da gudu ba. A ware masa wurin cin abinci nesa da yara, kuma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare. Kwikwiyo yana sabawa da mutane cikin sauƙi a watanni uku na farko. A riƙa ba shi ɗan nama duk lokacin da ya natsu a gaban baƙo.

Lokacin neman likita

In kare mai sanyin hali ya canza farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya samu, a yi zargin ciwon haukan kare. A kulle shi, a sanar da ma'aikatan kiwo. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

Wanda kare ya ciza ko ya yagusa, a wanke masa wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a kai shi CSI ko babbar asibitin Tawa a ranar. Allurar rigakafi, wadda Louis Pasteur ya fara yi wa ɗan Adam a 1885, tana ceton rai in an yi ta kafin alamu su bayyana. Bayan sun bayyana, da wuya a tsira. Shi ma kare ana yi masa tasa allurar tun yana wata uku, wurin likitan dabbobi.