Na'urar MRI: Yadda maganaɗisu da ruwan jiki ke haɗuwa su fitar da hoton cikin mutum

MRI na'ura ce da ke ɗaukar hoton cikin jiki ba tare da tiyata ba, kuma ba ta amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi ko na CT da shi. Kayan aikinta 3 ne: maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, igiyoyin rediyo, da ruwan da ke jikin majinyacin kansa. Abin da take aunawa shi ne lokaci, wato tsawon lokacin da ƙwayoyin haidirojin na kowane sashe na jiki ke ɗauka kafin su koma yadda suke bayan an motsa su. Daga wannan bambancin lokaci ne fari da baƙin hoton ke fitowa.

Tushen aikin

Kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, kuma kowace ƙwayar ruwa tana ɗauke da haidirojin 2. A tsakiyar kowane haidirojin akwai furoton guda, wanda ke da ɗabi'ar ɗan ƙaramin maganaɗisu. A yadda aka saba, furotonin jiki suna fuskantar ɓangarori barkatai, don haka ƙarfinsu yana soke juna. Idan aka shigar da mutum cikin na'urar, sai a samu 'yar rinjaye, ƙalilan cikin kowane miliyan, da suka bi layin maganaɗisun. Saboda yawan furotonin da ke jiki, wannan 'yar rinjaye ta isa a auna ta.

Furotonin ba sa tsayawa cik. Suna layi suna kewaya layin maganaɗisun kamar katantanwar da yaro ya murza. Saurin kewayawar ya dogara da ƙarfin maganaɗisun: sau miliyan 42.58 a daƙiƙa ga kowace tesila guda. A na'ura mai tesila 1.5, wadda ƙarfinta ya ninka na maganaɗisun duniya kusan sau 30,000, saurin ya kai kimanin megahaz 64, ƙasa kaɗan da zangon tashoshin FM. Idan na'urar ta aika igiyar rediyo daidai da wannan sauri, furotonin sukan karɓi ƙarfin, su karkace daga layinsu, su riƙa juyawa tare. Da an yanke igiyar, sai su fara komawa suna fitar da siginar da na'urar ke kamawa.

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna wannan ɗabi'a a 1946 a Amurka, kowa da tawagarsa, suka samu kyautar Nobel a 1952. A 1971 Raymond Damadian ya wallafa cewa lokacin komawar ya fi tsawo a naman ƙari fiye da lafiyayyen nama. Paul Lauterbur a 1973, da Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila, su ne suka gano yadda za a mayar da siginar hoto, aka ba su Nobel a 2003.

Yadda ake gane inda sigina ta fito

Dabarar ita ce a sa ƙarfin maganaɗisun ya ɗan bambanta daga wani gefe na jiki zuwa wani. Kamar yadda makaɗin kalangu ke matse tsarkiya ya ɗaga murya, ya sassauta ta sauka, haka furotonin da ke inda ƙarfin ya fi yawa ke fitar da sigina mai sauri, na ɗaya gefen kuma mai jinkiri. Kwamfuta ce ke warware wannan gaurayen muryoyi da lissafin Fourier, ta ajiye kowace a gurbinta. Kunnawa da kashe wayoyin da ke wannan aiki shi ke haddasa ƙarar bugu da majinyaci ke ji, dalilin da ya sa ake toshe masa kunne.

T1 da T2

Komawar furotoni iri 2 ce. T1 yana auna lokacin da suke ɗauka kafin su sake bin layin maganaɗisun. Kitse yana komawa da wuri, cikin kusan rubu'in daƙiƙa a tesila 1.5, yayin da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka ke ɗaukar kusan daƙiƙa 4. T2 kuwa yana auna saurin wargajewar juyawarsu ta tare, kamar mata masu lugude da suka fara daka a kan ƙa'ida guda, sannu a hankali taɓaren kowace ya saɓa. A naman ƙwaƙwalwa hakan na faruwa cikin kusan kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, a ruwa kuma yakan kai kusan daƙiƙa 2.

Mai sarrafa na'urar yana da ma'auni 2 a hannunsa: tazarar da ke tsakanin aika igiya da sake aikawa, wadda ake kira TR, da jiran da ake yi kafin a saurari sigina, wanda ake kira TE. Idan duka gajeru ne, hoton T1 ke fitowa: kitse fari, ruwa baƙi, fasalin gaɓoɓi a bayyane. Idan duka dogaye ne, hoton T2 ke fitowa, inda ruwa ke haske. Da yake yawancin cututtuka, kamar kumburi da ƙari da rauni, suna tara ruwa a nama, a hoton T2 suka fi bayyana. Saboda haka wuri guda yakan fito baƙi a wani hoto, fari a wani, kuma kwatanta su ne ke ba likita amsa.

Akwai ƙarin hanyoyi. Allurar gadoliniyom tana gajarta T1, ta haskaka inda jijiyoyin jini ke yoyo, kamar a wasu nau'o'in ƙarin ƙwaƙwalwa, sai dai ana takatsantsan da ita ga masu tsananin ciwon ƙoda. Hoton da ke auna yawon ƙwayoyin ruwa yana nuna toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa cikin mintuna da aukuwarta. A yara masu sikila, waɗanda ke da yawa a arewacin Najeriya, MRI ce ke gano ƙananan raunukan ƙwaƙwalwa da ke faruwa ba tare da alamar shanyewar ɓarin jiki ba. Ƙashi mai tauri kuwa baƙi yake fitowa, shi ya sa CT ta fi dacewa da sabuwar karaya.

Haɗari da tsada

Maganaɗisun manyan na'urori ba a kashe shi ko da dare. Yakan fizgi almakashi ko tukunyar iskar oksijin da ƙarfin da zai iya kisa, don haka ake tambayar majinyaci ko yana da ƙarfe, ɓarɓashin harsashi ko na'urar daidaita bugun zuciya a jikinsa.

Ƙarfin yana fitowa ne daga wayoyin da ake sanyayawa da ruwan hiliyom zuwa digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Ƙasashe kaɗan ne ke samar da hiliyom mai yawa, musamman Amurka da Katar da Aljeriya. Idan wuta ta daɗe a ɗauke, injin sanyayawar ya tsaya, hiliyom yakan fara ƙafewa, kuma farfaɗo da na'urar na cin kuɗi masu yawa. An fara samun ƙananan na'urori marasa buƙatar hiliyom, kamar mai tesila 0.064 da aka amince da ita a Amurka a 2020, amma hotonsu bai kai na manya kyau ba.

Wannan ne ya sa sanarwar cewa gwamnati ta sayo wa asibiti MRI ba ta isa hujjar cewa marasa lafiya za su amfana ba. Tambayoyin da suka dace su biyo baya su ne: akwai wutar da ba ta yankewa, akwai kwangilar gyara da cika hiliyom a kasafin kuɗi, kuma akwai ƙwararrun da suka san wane hoto za su ɗauka da likitan da zai karanta shi?