Tarihin Bawan Inji na Ƙaramin Jirgin Sama

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa wanda har manya ke yi. Mutum yakan ƙera ƙaramin jirgin sama, faɗin fukafukansa kamar gaba guda, ya sa masa inji, sa'an nan ya tsaya a ƙasa yana sarrafa shi da wayar iska. Gwanaye sukan sa jirgin ya yi alkafura, ya yi birgima, ya tafi a rigingine. Abin da ke karkata wutsiyarsa da gefen fukafukansa wani ɗan inji ne mai kamar akwatin ashana, ana ce da shi sarbo. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta bawa. Wani Bafaranshe, Joseph Farcot, shi ya yaɗa sunan cikin littafinsa na 1873, a kan injin da ke juya akalar manyan jiragen ruwa.

To, wannan bawa bai koyi biyayya dare ɗaya ba. A 1937 waɗansu tagwaye a jihar Mishigan ta Amurka, Walter Good da William Good, suka tashi jirginsu da wayar iska. A zamanin nan igiyar roba ake murɗawa, ita ke juya wutsiya. In ka danna maɓalli jirgi ya yi dama, in ka saki ya miƙe, in ka sake dannawa ya yi hagu. Wanda ya manta inda ya tsaya a lissafi, sai ya nufi dama jirgi ya yi hagu, aikin wata da watanni ya zama tarkace.

Bayan 1950 aka shiga amfani da waɗansu siraran ƙarafa, kowanne yana karkarwa in ya ji amon da ya dace da shi, ya ta da nasa injin. Amma duk da haka bawan abu biyu kaɗai ya sani: ko ya karkata gaba ɗaya, ko ya tsaya cik. Mai neman 'yar karkata kaɗan sai ya yi ta taɓawa yana saki da sauri. Da irin wannan kaya Ed Kazmirski na Amurka ya ci gasar duniya ta farko, wadda aka yi a Suwizalan a 1960. Lalle hannunsa ya isa a yaba masa.

Ba a daɗe ba aka sami abin da ake nema. Aka sa wa sarbo wani ma'auni a ciki, mai shaida masa inda hannunsa yake. Saƙo yana zuwa masa wajen sau 50 cikin sakan guda, shi kuwa yana gwada inda yake da inda aka umurce shi, yana gyarawa. Watau in ɗan yatsa ya tura sanda rabi, wutsiya ma rabi za ta karkata. Phil Kraft, wanda ya ci gasar duniya a tsibirin Kosika a 1967, irin waɗannan na'urori yake ƙerawa yana sayarwa.

Saboda haka mai zaɓen sarbo a yau yakan duba ƙarfinsa, don iska tana tura wutsiya baya, babban jirgi kuwa ba ya tafiya da ƙaramin bawa. Yakan duba sauri, da haƙoran ciki: na roba ba su da nauyi amma suna karyewa, na ƙarfe suna jurewa amma in sun ci sukan yi sako-sako. Sai dai a ganina abin da ya fi duka shi ne komawa tsakiya. Alƙalan gasa miƙaƙƙen layi suke dubawa, jirgin da wutsiyarsa ba ta komawa gurbinta kuwa ba ya miƙewa, kome gwanintar mai shi. Gwajin ba wuya. A tura sanda dama a saki, a sa alama inda wutsiya ta tsaya, sa'an nan a tura hagu a saki. In ba ta dawo kan alamar ba, a nemi wani tun jirgi yana ƙasa.